A Daina Yanke Gefen Takarda: Zanen Shagala da Matsayinsa a Nazarin Hausa

Gabatarwa

Shekaru huɗu da suka wuce, lokacin da nake tattara bayanai don kundin digirina na biyu a kan kalmomin su a bakin masuntan ƙasar Yauri, wani magidanci a Yelwa ya ɗauko mini littafin lissafin mahaifinsa. Marigayin dillalin kifi ne, ya kuma shafe shekaru yana rubuta bashi da biya da ajami: wane ya karɓi kwando kaza na busasshiyar tarwaɗa, wane ya rage kaza. Sunayen kifaye da na kayan su ne suka kai ni, don haka na matso da kyamara sosai domin haruffa su fito, na ɗauki layukan rubutu, na yanke gefen shafi. A gefen nan kuwa, kusan a kowane shafi, akwai ƙananan zane-zane da biro: kwalekwale mai dogon goshi, bishiya guda mai faɗin kai, da'irori a jere kamar ɗakuna, da wasu layuka masu lanƙwasa da suka kewaye su duka. Da na tambaya sai ɗan ya yi dariya ya ce, "Ai Baba haka yake, in yana jiran jirage su iso ko yana sauraron rediyo, hannunsa ba ya zama." Wani dattijo da ke tare da mu ya karɓi littafin ya duba, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce wannan gungunsu ne kafin ruwa ya ci shi. Ya nuna mashigar jirage, ya nuna tsamiyar da ake zama a gindinta. Na rubuta maganar a takaice, na wuce zuwa tambaya ta gaba.

Bayan shekara biyu na koma domin in ɗauki shafukan a cike, sai na tarar an ƙone littafin tare da wasu tsofaffin takardu, saboda akwai bisimilla a kan shafukansa kuma ba a son su faɗi ƙasa a tattaka. Mutanen gidan ba su yi laifi ba, abin da tarbiyya ta koya musu suka yi. Laifin nawa ne, da na horon da na samu, wanda ya koya mini cewa abin nazari a takarda shi ne kalma. Wannan maƙala ta taso ne daga waccan asara. Ra'ayina shi ne, zanen da hannu ke yi alhali hankali yana wani wuri yana iya zama fasaha, yana iya zama shaidar tarihi, kuma lokaci ya yi da manazarta Hausa za su daina yanke shi daga hotunansu da kundayensu.

Abin da ake nufi da zanen shagala

Kowa ya san abin, ko da bai san sunansa ba. Budurwa a wajen zance tana sunkuyar da kai tana zane a ƙasa da tsinke. Tsoho ya yi tagumi a ƙofar gida yana jan layi da sandarsa. Ɗalibi yana cika bangon littafinsa da taurari da dagi yayin da malami ke bayani. Ma'aikaci a wajen taro yana zagaye lambar shafi har ta koma fure. Sunayen da ake ba wannan aiki a bakin jama'a duk na raini ne: jagwalgwalo, ɓata takarda, wasan yara. A ɗaya ɓangaren kuma muna da kalmar zayyana, wadda aka aro daga Larabci, mai nufin ƙawatawa da gangan bisa tsari. Tsakanin jagwalgwalo da zayyana akwai fili mai faɗi da ba shi da suna, kuma abin da ba shi da suna da wuya ya shiga manhaja. Ina ba da shawarar a kira shi zanen shagala, wato zanen da ake yi ba tare da niyyar nuna wa kowa ba, hankali yana kan sauraro ko jira ko tunani.

Shagalar da ake nufi a nan ba rashin hankali ba ce. A shekarar 2009 wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Jami'ar Plymouth ta Ingila, Jackie Andrade, ta sa mutum 40 su saurari wani dogon saƙon waya marar daɗin ji. Rabinsu an ba su takarda suna cike siffofi da fensir yayin sauraro. Da aka yi musu tambayar ba-zata daga baya, masu zanen sun tuno bayanai da suka zarce na sauran da kashi 29 cikin 100. Gwaji ɗaya ne mai mutane kaɗan, bai kamata a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Amma ya isa ya sa malamin da ke ƙwace littafin yaro saboda ya ga zane a gefe ya tsaya ya sake tunani.

Daga gefen allo zuwa zayyana

Hujjata ta farko daga gida take. Idan aka dubi fasahohin ido da Bahaushe ya shahara da su, za a ga duk suna tsaye a kan layi, da maimaita siffa, da cike fili. Akwai zayyanar allon sauka. Akwai alamomin da marubuta Alƙur'ani ke yi a cikin rubutu da gefensa, kamar kumsa da kuri da alamar hizbi da ta sajada. Akwai aikin babbar riga irin su aska biyu da aska takwas da tambari, akwai zanen ƙwarya, da adon bangon gidajen Zariya da Kano, da ƙunshin mata. Babu ɗaya daga cikinsu da ake koyarwa da littafi. Yaro yana kallon gwani, yana kwaikwayo a ɓoye a kan abin da ya samu: bayan allo, ƙasa, fasasshiyar ƙwarya, tafin hannun ƙanwarsa. Almajirin da ya gama rubuta karatunsa, tawada ta rage a bakin alƙalami, ya shiga zagaye ƙasan allo da ƙananan kusurwoyi, shi ne wanda bayan shekara goma za a kai wa allon sauka ya zayyana. Ashe zanen shagala shi ne makarantar farko ta waɗannan sana'o'i, sai dai makaranta ce da ake wanke allonta kullum.

Wasu manazarta na waje sun hango wannan kafin mu. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya tattara zane-zanen da masu tsara aikin riga da wando ke yi a takarda kafin allura ta taɓa yadi, ya kuma nuna cewa da yawa daga masu wannan zane malamai ne da ke amfani da alƙalami da tawadar da suke rubutu da su. A 1976 ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan. Salah Hassan, a littafinsa na 1992 mai suna Art and Islamic Literacy among the Hausa of Northern Nigeria, ya bi sawun dangantakar rubutun malamai da ado. Friedrich Schwerdtfeger ya yi shekaru yana nazarin adon bangon gidajen Zariya. Abin lura shi ne duk waɗannan ayyuka daga fagen tarihin fasaha ko ilimin gine-gine suka fito, kuma da Turanci. A sassanmu na Hausa mun raba fage uku, harshe da adabi da al'ada, kuma ko a ɓangaren al'ada abin da aka fi yi wa sana'a shi ne jero sunayen kayan aikinta da matakanta da camfe-camfenta. Siffar da ke kan ƙwaryar, da yadda ta zo hannun mai zanen, da yadda ta sauya daga uwa zuwa 'ya, ba kasafai ake tsayawa a kansu ba.

Haka abin yake a rubutattun littattafanmu na da. Duk wanda ya taɓa buɗe gafaka ya san cewa shafin ƙarshe da gefen shafi suna ɗauke da abubuwan da ba na marubucin asali ba: gwajin alƙalami, lissafin bashi, ranar haihuwar yaro, addu'a, ƙaramin hatimi da ba a ƙarasa ba, da siffofin da mai kwafe ya yi yana jiran tawada ta bushe. Masu tahakikin matani suna kallon waɗannan a matsayin datti da ya kamata a tsallake. Amma su ne ke gaya mana hannu nawa littafin ya bi, a wane gari ya kwana, da kuma abin da ke zuciyar ɗalibin da ya yi wata uku yana kwafe shi.

Darasi daga wasu wurare

Wasu al'ummu sun ajiye irin abin da muke wankewa, kuma sun ci riba. A birnin Nobgorod na Rasha, a 1956, masu tonon kayan tarihi sun gano ɓawon itace da wani yaro mai suna Onfim ya yi karatu a kai a ƙarni na 13. Yana cikin rubuta haruffa sai ya gaji, ya zana kansa a kan doki yana sukar abokin gaba da mashi, ya sa sunansa a gefe. Ɓawon nan allonsa ne, babu bambanci. Yau duk mai nazarin yadda yara ke koyon karatu a tsohuwar Rasha sai ya bi ta kan zanen Onfim.

Rabindranath Tagore na Indiya, wanda ya karɓi kyautar Nobel ta adabi a 1913, bai fara zane ba sai da ya haura shekara sittin, kuma daga goge kuskure ya fara. Idan ya soke kalma a daftarin waƙa sai ya haɗa wuraren da ya soke da layuka har su koma wata siffa, kamar yadda ake gani a daftarin Purabi na 1924. Daga nan abin ya girma, aka baje zanensa a Faris a 1930, ya kuma bar ayyuka fiye da 2,000. Da magadansa sun ajiye tsabtataccen kwafi kawai sun zubar da daftari, da ba a san inda wannan fasaha ta tsiro ba.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Ibrahim El-Salahi na Sudan, wanda aka haifa a Omdurman a 1930. Mahaifinsa malamin makarantar allo ne, kuma adon allon da ya tashi yana gani ya shiga aikinsa bayan ya dawo daga karatu a Landan. Da aka tsare shi a kurkukun Kobar a 1975, ya riƙa zane a ɓoye a kan guntayen takardar buhun siminti yana binnewa a yashi. A tsufansa kuma, ciwo ya hana shi tsayuwa gaban babban allo, sai ya koma zane a kan kwalayen magungunan da yake sha. A 2013 gidan adana fasaha na Tate Modern a Landan ya baje ayyukan rayuwarsa. Ko a Zariya, a 1958, wasu ɗalibai da suka haɗa da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo sun kafa ƙungiyar da ta nace cewa fasahar zamani ta tsiro daga ta gida. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango wanda ke gogewa cikin ɗan lokaci, ya mai da shi ginshiƙin wata makarantar zane a Nsukka. Abin da aka raina a matsayin kwalliyar mata ya zama fagen digiri. A kan idonmu aka yi wannan, a garin da muke alfahari da zayyanarsa.

Me ya sa daga Yauri?

Ana iya yin wannan kira daga ko'ina a ƙasar Hausa, amma a Yauri yana da nauyi na musamman. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964 aka kammala a 1968. Tafkin da ta haifar ya mamaye fili fiye da murabba'in kilomita 1,200, aka tashi mutane kimanin 44,000 daga mazauninsu. Tsohuwar Busa ta nutse, haka nan tsibirai da ƙauyukan bakin kogi da yawa na Gungawa da Kambari da Lopawa da maƙwabtansu. An gina wa mutane sabbin matsugunai na siminti, amma gidajen ƙasa da rumbuna da adon da ke jikinsu, da tsarin unguwa, da mashigar jirgi, da gonakin albasar da Gungawa suka shahara da su a tsibiran, duk suna ƙarƙashin ruwa. Taswirar hukuma ta nuna inda tsibiri yake da girmansa. Ba ta nuna inda tsamiya take ba, ko ɗakin wa ke kallon na wa.

Wanda yake ɗan shekara goma sha biyar lokacin tashin nan, yau ya haura saba'in. Ilimin wuraren nan yana kan mutanen da ke ƙarewa, kuma ba duka ne baki ke iya faɗa ba. Mutum yana iya kasa bayyana maka tsarin garinsu da kalmomi, amma ka ba shi tsinke a kan yashi sai hannu ya tuno abin da harshe ya manta. Dillalin kifin da na ambata bai zauna da niyyar zana taswira ba. Shekaru ya yi hannunsa yana komawa gida shi kuwa yana lissafin kwando. Abin da ya bari shaida ce da babu irinta a ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Kaduna.

Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, wanda ya fara da binciken tarihin Yauri a ƙarni na 19 kafin ya wallafa The Hausa Factor in West African History a 1978, ya nuna mana yadda tarihin Hausawa ke bin hanyoyin fatauci da bakin kogi, har wuraren da suke nesa da manyan birane. Tarihin irin waɗannan mutane, masunta da manoman fadama da 'yan jirgi, ba ya cikin jerin sunayen sarakuna. Sai an nemo shi a ƙananan abubuwa. Akwai kuma wani abin tunani. A 1830 Richard Lander da ƙaninsa John sun zo har Yauri, ɗaya daga cikin buƙatunsu shi ne neman takardun Mungo Park wanda ya mutu a Busa a 1806, suka koma ba su samu littafin tafiyarsa ba. Mutane sun ƙetare teku saboda takardun ɗan ƙasarsu guda ɗaya. Mu kuwa takardun iyayenmu suna cikin adaka a ɗakin da ke yoyo, gara tana ci, ambaliya irin ta 2020 tana jiran sauran.

Wane zane ne ya cancanci ajiya?

Ba na cewa duk layin da biro ya ja fasaha ne. Mafi yawan zanen shagala ya cancanci kwandon shara, kamar yadda mafi yawan hirar da muke yi ba ta cancanci rubutawa ba. Aikin manazarci shi ne tantancewa, kuma ina ganin ma'aunai uku za su taimaka.

Na farko shi ne naci. Idan hannu ɗaya ya riƙa komawa kan siffa ɗaya tsawon lokaci, yana gyara ta, yana ƙara mata, to an wuce hatsari an shiga salo. Kwalekwale ɗaya a gefen shafi ba komai ba ne. Kwalekwale ɗari a cikin shekara goma, goshinsa yana ƙara tsawo, ruwan da ke kewaye da shi yana ƙara cinye tsibirin, aiki ne da ke da farko da ci gaba.

Na biyu shi ne shaida. Zane yana iya zama marar kyau a ido amma ya riƙe abin da ya ɓace: siffar gura ko homa da aka daina saƙawa, adon jirgin da aka fita da shi wasan Rigata a wata shekara, tsarin gidan da ruwa ya ci. Darajarsa irin ta tsohuwar wasiƙa ce, ba a neman ƙwarewar marubucinta.

Na uku shi ne zuriya, wato zanen da ya haifi wani abu. Takardar da mai ɗinkin hula ya yi wasa a kanta kafin ya fito da sabon yayi, ko littafin makarantar yarinyar da daga baya ta zama gwanar ƙunshi a garinsu, su ne daftarin aikin. Mun yarda cewa daftarin waƙa abin nazari ne. Babu dalilin da zai hana daftarin hula zama haka.

Hujjojin masu ja

Akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Ta farko ta addini ce: malamai sun yi magana mai tsanani game da surar abu mai rai. Amsa ita ce, mafi yawan abin da ake magana a kai layuka ne da kusurwoyi da bishiyoyi da jirage da gidaje, kuma ya zo a Buhari da Muslim cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai sana'ar yin sura da ya koma zanen bishiya da abin da ba shi da rai. Al'ummar da ta ƙawata Alƙur'aninta da allon saukarta da bangon masallacinta ba za a ce tana ƙyamar zane ba. Batun takardun da ke ɗauke da sunan Allah kuwa, girmamawar da ke sa a ƙone su ita ce za ta iya sa a adana su a wuri mai tsabta, in an samu wurin kuma an yi wa mutane bayani.

Ta biyu ta kuɗi ce da fifiko. Za a ce rubuce-rubucen malaman jihadi da waƙoƙin ajami suna ruɓewa ba a gama ɗaukarsu ba, ina ake da sukunin bin jagwalgwalon dillalin kifi? Wannan gaskiya ce, sai dai abin da nake nema ba ya cin kasafi na daban. Mai ɗaukar hoton littafi ya ja kyamara baya kaɗan ya ɗauki shafin har bakinsa, da bango, da shafin da ake ganin ba komai a kansa. Wannan shi ne ƙa'idar da manyan shirye-shiryen ceton takardu ke bi, irin na ɗakin karatun Birtaniya da aka fara a 2004. Daƙiƙa biyu ce ta raba ni da adana gungun nan.

Ta uku ta fi damuna. Idan aka ce wa abu fasaha, kasuwa takan biyo baya. Mun ga yadda alluna da layu da tsofaffin riguna suka bar gidajen masu su suka koma ɗakunan masu tara kayan tarihi a Turai, ba sunan mai zane ba sunan gari. Ƙari a kan haka, littafin bashi yana ɗauke da asirin mutane, kuma zanen da mutum ya yi don kansa bai ba kowa izinin baje shi ba. Wannan haɗari ne na gaske. Maganinsa shi ne asalin takarda ya zauna a hannun iyali in suna so, a ɗauki hoto da izininsu, a rubuta sunan mai zanen in sun yarda, a rufe sunayen masu bashi. Barin abin ya ƙone don gudun kada a sace shi ba kariya ba ce.

Ta huɗu kuwa ta masana ce: wai manazarci zai riƙa karanta ma'anar da babu ita, ya ga da'ira ya ce alamar kaɗaici ce. Wannan ma yana faruwa, kuma shi ya sa ba na goyon bayan fassarar zane daga kan tebur. Ni da na kalli littafin nan da'irori na gani. Dattijon da ya san wurin ne ya ga ɗakuna. Zanen shagala ba ya tsayawa shi kaɗai, sai an haɗa shi da hira da waɗanda suka san mai shi, kamar yadda ba a nazarin kirari ba tare da sanin wanda ake yi wa ba.

Abin da ya kamata a yi

Shawarwarina ba su da tsada. Sassan Hausa na jami'o'inmu, musamman na Sakkwato da Kano da Zariya da suka fi yaye masu manyan digirori, su sa a cikin darasin dabarun bincike cewa ana ɗaukar takarda a cike, a kuma bayyana duk abin da ke gefenta a cikin kundi. Ɗaliban da ke bincike a ƙasar Yauri da Ngaski da Shanga su riƙa tafiya da farar takarda da fensir, su roƙi dattawan da suka zauna a tsibiran su zana abin da suka tuna yayin da ake hira, a naɗi muryar tare da zanen. Wannan ba zanen shagala ba ne tsantsa, tunda an roƙa, amma daga rijiya ɗaya ake ɗebo su. Cibiyoyin da ke da ma'ajiya, kamar Gidan Arewa a Kaduna da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato da gidan tarihi na Kanta a Argungu, su buɗe ƙofa ga takardun talakawa: littafin dillali, littafin tela, littafin ɗan makaranta. Sannan masu nazarin harshe su tattara sunayen da masu zanen ƙwarya da hula da ƙunshi ke ba siffofinsu, gari da gari, domin a cikin sunayen nan akwai ƙamus guda da ba a rubuta ba tukuna.

Kammalawa

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an samu wanda ya ajiye ta tun tana sabuwa, lokacin da ba wanda ya san za a neme ta. Hotunan da na ɗauka a Yelwa suna nan a kwamfutata, guda sittin da 'yan kai. Sun ba ni sunayen kifaye da na kayan su, na rubuta babi guda da su, aka kuma yaba. A uku daga cikinsu, inda hannuna ya karkace, ana ganin goshin kwalekwale da rabin bishiya a can bakin hoton. Na buga su na kai wa dattijon nan, ya ɗauki biro ya ƙarasa abin da ya iya tunawa, ya ce sauran sai dai a tambayi wata 'yar uwarsa da ke zaune a wajen Wara, in tana nan da rai. Ina fatan zuwa wurinta kafin damina ta sauka.